Bindigar Kwance Noti da Na Sayo wa Yaya

A shekara biyar da na yi ina karatu a Alƙahira, abu ɗaya yayana ya taɓa roƙo na. Direba ne, yana da tsohuwar bas, kuma da hannunsa yake gyara ta a ƙofar gida. In zai cire taya, sai ya zura dogon bututun ƙarfe a sifana, ya dafa jikin motar, ya hau bututun da ƙafa har notin ya saki. A haka ya taɓa zamewa ya bugu a kafaɗa, ba ta ƙara komawa daidai ba. Daga baya ya sayi kwamfaresa, injin iska, a hannun wani mai faci. Da na gama a 2014 ya ce min a waya, "Ustaz, in za ka taho, ka nemo min bindigar nan ta iska mai kwance noti."

Ba na jin na yi sakaci, aƙalla da farko. Sau uku ina tashi daga unguwarmu Darrasa zuwa kasuwar kayan mota ta tsakiyar gari, da ɗan littafi ina rubuta abin da aka faɗa min. Mai shagon da nake zuwa dattijo ne Bamasare, yana ce min ya shaikh. A zuwa na uku ya ajiye bindigogi biyu a kan tebur.

"Wace mota ce?"

"Bas. Amma ba babba sosai ba, ina ga."

"Tana shan ruwan sama? Notin na tsatsa?"

"Wataƙila. Wani lokaci."

Ya tura min babbar. "Wannan, khalas, magana ta ƙare. Ƙaramar ta motar yawo ce."

Na ɗaga babbar, na ji nauyinta, sai hankalina ya tafi kan kwalayen da ke ɗakina. Duk ɗalibin da zai koma gida, kwanakinsa na ƙarshe a kan sikeli suke ƙarewa: ka ɗora littattafai, ka sauke, ka ɗora, don kilon jirgi ba ya ƙaruwa. Na riga na cike nawa. Babbar da kawunanta na kama noti za ta ci gurbin wani sharhi mai juzu'i takwas da na daɗe ina nema kafin na same shi a bayan masallaci. Ƙaramar kuwa za ta shige tsakanin riguna.

Na ce zan yi shawara. Mai shagon ya yi dariya. "Shawara ta uku ke nan. Aure za ka yi mata?"

Abin da ya fi damu na har yau shi ne wayar da na yi. Ban yi ƙarya ba, ko kuma haka nake gaya wa kaina. Na ce, "Yaya, iri biyu ne. Akwai wata ƙatuwa mai shan iska da yawa, ban sani ba ko kwamfaresarka za ta iya da ita. Akwai kuma 'yar daidai, mai sauƙin riƙewa, ga kafaɗarka." Duk gaskiya ne. Abin da mai shagon ya ce ne ban faɗa ba, littattafan ma ban ambata ba.

"Kai kake ganin abu, kai ne mai karatu," in ji shi. "Wadda ka zaɓa ta yi."

Da na koma na nuna ƙaramar, dattijon ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ma'alish, wato ba komai, ya naɗe ta a jarida.

Yaya ya yi murna da ita. Ya nuna wa maƙwabta, ya ɗinka mata jaka. Kullum na tambaya sai ya ce tana aiki kamar me. Na fara tunanin ko damuwata ce kawai, don na san halina.

Wata safiya, bayan kamar wata biyu, ina ɗaki na leƙa ta taga. Yana tsaye kan bututun nan, hannu ɗaya a jikin bas, ɗayan ya maƙale shi a ƙirji saboda kafaɗar. Ya bi notin tayar baya ɗaya bayan ɗaya ya sassauta. Da ya gama ya tsaya ya huta, ya tura bututun ƙarƙashin mota da ƙafa. Sannan ya tayar da kwamfaresa, ya ciro bindigar daga jakarta.

"Ustaz, fito ka ga aikin Masar."

Sharhin yana jere a kan kantar littattafai a bayana, juzu'i takwas cif. Na sa takalmi na fita. Notin suka riƙa fita cikin sauƙi, yana tara su a tafin hannu yana kallo na.

"Ya ka gani?"

Na san abin da ya kamata in ce, tun daga shagon nan. Na ce, "Tamam, Yaya. Ta yi."