Ɗakin da Atamfa ke Kwana

Gidan haya ɗaya babanmu ya bar mana a Zango. Da muka je yi wa gidan inshora, yayana ya ce a rubuta ɗakunan kwana, ya fi araha. Na ƙi. Bakanon da ke haya wurinmu a ƙofa yake shimfiɗa tabarma, dilolin atamfarsa ne ke kwana a ɗaki. Muka yi ta cacar baki har aka rubuta mangazar kaya, wato ɗakin ajiya.

Da kaskon turare ya ƙone ɗakin, mai duba ɓarna na kamfanin inshora ya ce da ɗakin kwana muka rubuta, da ba za a biya ba. Na sauke ajiyar zuciya, na zauna. Yaya kuwa sai duban rufi yake, alhali babu rufin.