Motar da Muka Kashe a Ƙofar Baffa

Ana sallame sallar asuba ranar Talatar da ta wuce muka tashi za mu Bafia, ko kuwa in ce muka yi niyyar tashi. Tun kafin kiran salla aka bugo waya cewa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta cika. Babban ɗanta ya ce sun sa jana'iza ƙarfe goma, kuma ta bar wasiyya cewa yayanta ne zai yi mata salla. Yayan nan shi ne Baffa, wan mahaifina, wanda ya haura tamanin, daga shi sai ita suka rage a ɗakinsu. Daga unguwarmu Briqueterie a Yaoundé zuwa Bafia awa biyu ce da 'yan kai, don haka muna ganin lokaci har ya yi mana yawa.

Mu uku ne: ni, da Baffa, da surukinsa mai auren 'yarsa ta biyu, wanda shi ne mai motar. Motar nan duk unguwa an san halinta. Wata bakwai ke nan makullinta ba ya tayar da ita. Ka murɗa, fitilun gaban direba su kama, inji ya yi shiru kamar ba da shi ake ba. Mai ita bai taɓa kai ta gyara ba, tunda Yaoundé gari ne na hawa da gangara. Kullum a kan tudu yake kwantar da ita, hancinta na kallon ƙasa, ya tokare taya da dutse. Da safe ya ture dutsen, ya sake ta, ya jefa giya ta biyu, ta yi tari ta tashi. Har bugun ƙirji yake yi wai gangaren unguwar Tsinga ya fi masa kowane bakanike.

Gidan Baffa kuwa a can ƙasan unguwa yake, inda ruwan kowa ke taruwa, gaba hawa baya hawa. Saboda gwiwoyin tsoho, suruki ya gangaro da mota har bakin zaure ya bar ta a kunne. Muka riƙo Baffa muka fito da shi. Ya tsaya ya ɗaga hannu zai yi addu'ar tafiya yadda ya saba, sai ya dubi motar da ke ta ruri da fasasshen salansa, ya ce, "Kashe ta mu roƙi Allah tukuna."

Na dubi suruki, suruki ya dubi ƙasa. Shekara goma sha biyar yana auren 'yar gidan bai taɓa haɗa ido da Baffa ba, balle ya musa masa. Ni da na san komai, ni ma bakina ya yi nauyi. Suruki ya zura hannu ta taga ya murɗe makulli. Aka yi addu'a mai tsawo, muka shafa, daga nan mota ta zama tamu da turi.

An kwana ana ruwa, lungun duk jan laka ne. Mutanen da suka fito daga masallaci suka taru mana, har da wani tela maƙwabcina da malamin makarantar allo da ya naɗe rigarsa a ƙugu. Mu tura ta rabin hawa, mu sake ta, kafin ta yi gudun kirki gangaren ya ƙare. Sau nawa muka yi haka ban ƙirga ba, na dai san takalmina ya tsinke, numfashina ya koma na tsohuwar akuya. Baffa muka mayar da shi zaure, muka ce masa ƙaramin abu ne. Na yi tunanin mu kai shi tasha, amma motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa a matsi.

Wajen bakwai muka haƙura muka kira mai gyaran wayar mota, wani mutumin Garoua da ke zaune a Ekoudou. A waya ya ce minti biyar. Minti biyar ɗinsa sai takwas da rabi ta cika. Ya sauka daga babur, ya shimfiɗa kwali a laka, ya shige ƙarƙashin mota da sukudireba, ya haɗa ƙarafa biyu a jikin demarer, wato abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira kik. Wuta ta yi tartsatsi, inji ya ɗauka nan take.

"Alhaji, demarer lafiya lau, batir ma lafiya," in ji shi. "Cikin makulli ne ya ƙone."

Na ce to mu wuce a haka. Ya tambaye ni, in jandarma ya ce a kashe a hanya, ko muka tsaya shan mai, wa zai kwanta ƙarƙashin inji mai zafi a cikinmu. Sabon makulli kuwa sai an yini ana nema, don haka ya ce zai sa mana maɓalli. Sai da muka jira mai shagon kayan wuta ya buɗe, ya share ƙofa, ya gama shan shayinsa. Aikin kansa ba shi da yawa. Ya jawo waya ɗaya daga kan batir, ya sa mata fis, ya bi da ita ta wani rami zuwa gefen sitiyari. Ya jawo ta biyu daga nan zuwa ƙaramin ƙarfen demarer, ya haɗa su da wani jan maɓalli irin na hon ɗin babur, ya naɗe da salatif. Ya ja wa suruki kunne cewa a fara murɗa makulli, a tabbata ba ta cikin giya, kuma kada a taɓa maɓallin inji na aiki. Suruki ya danna da ɗan yatsa, ta tashi. Abin da aka yi wata bakwai ana gudu bai kai kuɗin buhun gawayi ba.

Goma da kwata muka bar unguwa. Na riga na roƙi ɗan Gwaggo ya ƙara mana lokaci, ya ce zai riƙe jama'a har sha biyu, amma an yi mata wanka tun safe kuma rana ta fara zafi. Fita daga Yaoundé a wannan lokaci azaba ce, tasi a kan tasi, manyan motocin katako na tafiya kamar masu jin barci. Wajen Obala mata suka yanyame mu da gasasshiyar ayaba da ƙullin rogo a ganye, uku sefa ɗari biyar, ba wanda ya iya sa komai a baki. Jandarma ya tare mu kafin gadar Sanaga, ya ce a kashe, ya daɗe yana kallon jan maɓallin kafin ya miƙo takardu. A nan na gode wa mutumin Garoua. Daga kan gada ana hango masu haƙar yashi a kwale-kwale, ruwan ya cika ya yi launin shayi da madara. Muna tsallakewa wayata ta yi ƙara, na ga ɗan Gwaggo ne, na kasa ɗauka.

Ɗaya saura muka shiga unguwar Hausawa ta Bafia, muka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta, da makara a kafaɗa ba kowa a ciki. Limamin unguwa ne ya yi sallar. Baffa ya nemi a kai shi kabarin. Muka riƙe shi ya tsaya a kan ɗanyar ƙasa, ya yi mata addu'a. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan tsayuwar ba.

Bayan la'asar muka juyo. Muna hanya Baffa ya tambaye ni tun yaushe makullin ya lalace. Na ce wata bakwai. Sai da muka wuce Obala, sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Da kun faɗa mini, ai ana addu'a mota na tafiya."

Ana kiran magariba muka shigo Briqueterie, hayaƙin masu tsire ya tare titi, jikina kamar an yi mini duka. Abin da na ɗauko a tafiyar nan biyu ne. Gyaran da ka ɗage saboda ka sami dabara yana nan yana jiran ranar da ba ka da lokaci. Sannan mu da muke taƙama da kunyar manya, wani lokaci kanmu muke karewa, su kuma su kwashi asarar. Gwaggo abu ɗaya ta roƙa, mu biyu muka hana ta da shirunmu. Baffa bai sake tayar da maganar ba. Kullum da safe ina zuwa gaishe shi, yana amsawa da sakin fuska, har ya tambaye ni gajiyar hanya.