Matar da ta kaɗa mini gezar mayafi

Da hantsin Talata, takwas ga Maris 2011, aka bugo mini waya daga Whiterocks cewa Inna Delphine Wopsock ta riga mu gidan gaskiya, tana da shekara tamanin da takwas. Sai na samu wuri na zauna.

Inna, kin san abin da dokar 1954 ta yi mana. Gwamnatin Washington ta auna jininmu kamar mai awon masara, ta cire mutum ɗari huɗu da casa'in daga rajistar ƙabilarmu ta Ute, 'yan asalin ƙasar Amurka, wai mu ruwa biyu ne. Har da ni da mahaifiyata. Muka wayi gari baƙi a ƙasar kakanninmu, maƙwabta suna kawar da kai in mun haɗu a hanya.

Ba zan manta bazarar 1962 ba, ranar Rawar Beyar, rawar gargajiyarmu mai sunan dabbar nan beyar, a garin Randlett. Ina ɗan shekara ashirin, na laɓe a bayan shingen rassa ina leƙe, kunya kamar ta kashe ni. A rawar nan mace ce ke zaɓe: ta kaɗa wa namiji gezar mayafinta, shi kuma ba shi da ikon ƙi. Ba mu haɗa dangi ba, ƙawar mahaifiyata ce ke kawai. Sai ga ki kin wuce layin maza kaf, kin fito waje, kin kaɗa mini geza a ƙirji.

Mai tsumagiyar da ke tsare filin ya ce, "Delphine, wannan fa ba ya cikin takarda."

Kika ce, "Takardar ce za ta yi rawar? Kira ta ta zo ta taka mu gani! Kai kuma Orson, ƙafafun nan na aro ne?"

Aka fashe da dariya, na shiga fili muka taka rawa. Har yau ina mamakin inda kika samo zuciyar nan.

Shekara arba'in da tara ke nan, sunana bai koma rajista ba. Amma jiya babban jikanki ya zo ya ce kin bar wasiyya: cikin mutum shida da za su ɗauki akwatinki, ni ne a gaba. Ya ce, "Kawu, kar ka makara." Kawu fa ya ce da ni.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya sa kin huta. Ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙurin wannan rashi, ni ma ya ba ni.