Inna Tsintsiya da Ɗakin Duhu

Gwaggona ta tsufa tana sharar makarantar sakandare, har ɗalibai suka raɗa mata suna Inna Tsintsiya. Abokan gabarta biyu ne a duniya, danshi da fumfuna. Duk ɗakin da ta shiga, sai ta wangale tagoginsa kafin ta amsa gaisuwar kowa.

Da sabuwar malamar aikin gona ta kawo dashen itatuwa, Gwaggo ce kan gaba, ko ruwan wanke aji ba ta zubarwa sai a gindin dashe. Daga baya malamar ta roƙi tsohon sito don yara su koyi noman laimar kwaɗi, irin wadda ake ci. Shugaban makaranta ya amince da ƙyar, ya ce in aka dawo hutu laimar ba ta fito ba, ɗakin zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Yara suka cika ledoji da dusar katako, suka zuba iri, suka jera su a kantocin siton, suka rufe tagogi ruf. Babu mai hankalin da ya tuna ya gaya wa mai shara.

Ran da Gwaggo ta buɗe siton ta ga farin abu ya mamaye ledoji, ranta ya ɓaci. Ta kwashe na kantar gaba kaf ta shanya a rana, ta riƙe ƙugu tana jiran godiya.

Malamar ta iso, ta dafe kai. "Inna, kin kashe mu! Farin nan ai shi ne shukar. Duhu da danshi take so."

"'Yar nan, wace irin shuka ce ke gudun rana?"

Sai Gwaggo ta ga 'yan mata na tsintar busassun ledoji suna share hawaye. Amma ita ba ta iya sunkuyar da kai ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni makullin. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Duk tsawon hutun tana zuwa. Ta tsoma tsintsiyarta a bokiti, ta yarfa wa bango da ledojin da suka tsira ruwa, tana mita ita kaɗai. Ni har tausayi ta ba ni.

Ranar dawowa shugaba ya shigo dubawa, ya tarar da laimar ta ɓullo fara sol, ta cika kantocin baya. Zafin ɗakin ya dame shi, ya kai hannu ga taga.

Gwaggo ta tare shi da tsintsiya. "Ranka ya daɗe, cire hannunka. Ba a buɗe mini taga a nan."