Kawu Haladu da Finafinan Japan

Duk wanda ya san Kawu Haladu, mai gyaran agogo a unguwar Utaibiyya can ƙasa mai tsarki, ya san da an sallame la'asar shago ya rufu. Ko agogon zinare ka kawo, sai gobe. Zai haɗa shayi, ya kunna fim ɗin Japan, irin waɗanda ƙananan masu shiryawa ke yi, babu faɗa, babu waƙa, mutum ya zauna yana kallon bango har shayinka ya huce. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni aka ɗora wa zaman taya shi kallo. Na gaji, jama'a, shekara tara ina gajiya.

Wata rana wata mata a fim ta yi ta wanke kofi ɗaya. Na ce, "Kawu, injin ya tsaya ne?"

"Bari, tana tunani. Mijinta ya tafi, ba ta gaya wa kanta ba tukuna."

Wannan "tana tunani" har gida ya kai ta. Matarsa, Hajiya Asabe, ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, shi kuwa yana ta yaba zurfinta. Rana ta huɗu ta dire masa abinci ta ce, "Haladu, ni ba 'yar Japan ba ce. Fushi nake yi."

Da idonsa ya raunana, ya ce in riƙa karanta masa fassarar Larabcin da ke ƙasan fim. Ni kuwa na wuce arba'in ban iya karatu ba, kuma ban taɓa bari kowa ya sani ba. Sai na riƙa ƙirƙira. Mutum ya buɗe baki, in sa masa magana. Mako biyu Kawu yana gyaɗa kai.

Rannan ya tsayar da fim. "Sani, wannan bawan Allah sau goma sha ɗaya ina kallonsa, kullum cewa yake za a yi ruwa. Yau ka sa ya nemi gafarar uwarsa."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, ba wanda zai ji. 'Yan fim ɗin ma ba sauri suke ba. Fara da harafin farko."

Haka muka yi ta yi. Layi ɗaya, ya tsayar, in haɗa baƙi da baƙi. Fim guda ya ci mana wata biyu. Shi ya tura ni ajin manya, inda nake har yau.

A asibiti, kwanakinsa na ƙarshe, ya daina magana, ya zuba wa bango ido. Hajiya tana ta kiran sunansa. Ban san sanda na ce, "Bari, Hajiya, yana tunani" ba. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ka rufa masa nasa.