Na Rufe Sola da Zani

Jama'a, don Allah ku saurare ni yanzu! Maƙwabciyata Larai ke rubuta mani, ban yi boko ba.

Da masu wutar lantarki suka yi sallama, na ruga tsakar gida na rufe farantin sola da zani. Na ɗauka kama ni za a yi saboda solar.

Babbansu ya ɗaga zanin, ya kwashe da dariya. "Inna, rana ta Allah ce, ba tamu ba. Kan wutarmu muka zo, ki zaɓa: biyan wata-wata ko mita mai kati. Da kati, wutar da kika sha kaɗai za ki biya."

Gobe zan dangwala hannu a takardarsu. Zuciyata na kan katin, ko ya kuka gani?

Amma a fara gaya wa ɗana Ɗanladi a bariki, shi ya sayo solar: ba a kama uwatai ba.