Shekarar da Roɗi ta Cinye Dangarmu

Ranar wata Laraba ce, cikin bazarar shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, na dawo gida da azahar na tarar da Baba yana cire dangar gidanmu. Mutanen ƙauyenmu da suka tafi kasuwar Konni ba su ma fara dawowa ba. Ya yanke igiyoyin, ya zube karan dawa a ƙasa, yana daddatsa shi da gatari a kan wani kututture. Saniyarmu Roɗi tana tsaye a turke tana kallonsa, ni kuwa ina tsaye a bakin hanya ina hango tukunyar Inna a kan murhu, abin da ban taɓa gani daga waje ba. Ya ɗago kai ya ce, "Ke Hadiza, mi kika tsaya kallo? Ɗebo ruwan kanwa."

Damina ba ta yi kyau ba a waccan shekara. Harawar da muka ɗora a kan rumfa ta ƙare tun sanyi bai gama fita ba, daji kuma ya zama fili fetal. Ga shi Inna ta yi doguwar jinya bayan haihuwar ƙanena Sa'idu, nononta ya ƙafe, yaron bai san wani abinci ba sai madarar Roɗi da ake tafasa masa. Duk ranar da saniyar ta kwana da yunwa, da safe ƙwaryar tatsa takan dawo da ɗan abin da bai rufe gindinta ba, Sa'idu kuma ya wuni yana kuka har muryarsa ta dushe. Dangar tamu sabuwa ce, da kaka aka kafa ta, karan bai riga ya ruɓe ba. Baba yakan datsa shi ƙanana, ya yayyafa ruwan kanwa, ya barbaɗa dussa, ya bar shi ya yi laushi. Nawa aikin shi ne zagaya maƙwabta da tulu ina karɓar ƙasarin da suka wanke gero.

Gidanmu yana bakin hanyar da manyan motocin siminti suke bi daga Malbaza. Da ɓangaren gabas na dangar ya tafi, sai ya zama kowa yana ganin cikinmu. Direbobi suna ganin Inna tana tankaɗe, masu amalanke suna ganin abin da muke ci da abin da ba mu ci ba. A lakwal kuwa yara suka sa mana suna, gidan da saniya ta cinye. Ko wasan carafke muke yi, da na ci wata sai ta ce, "Gobe ɗakinku za ta somawa." Wallahi na ji kunya, kunyar da take sa kunne zafi. Na koma bin bayan gari in an tashi, don kada a ga shigata, sai na lura gidan ba shi da gaba balle baya. Ta ko'ina na shiga, a idon jama'a ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka kai ga dangar makewayi. Inna ta shiga ɗaki. Ta buɗe akwatinta, ta ɗauko zannuwan da take adanawa don suna da biki, ta ɗaure su a jikin sanduna. Iska tana kaɗa su, kowa a garin kuma ya san na wace ce, ya san abin da suke karewa. Na je na sami Baba ina kuka, na ce mutane suna ganinmu. Bai daina datsa ba. Ya ce, "Su gani. Yaron ga ya sha ko bai sha ba?" Ya sha. Yana kwance a tabarma ma, cikinsa tim, yana wasa da ƙafarsa.

Haka muka zauna a fili har ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro. Tsofaffin unguwa in za su wuce sai su kau da kai, su yi sallama suna kallon wani wajen. Wannan karar tasu ta fi dariyar yara ƙona ni.

Yanzu buhun abincin dabbobi ake saya a kasuwa, Baba da Inna kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Sa'idu ya zama magini, ya kewaye gidan da katangar bulo mai tsawo, har da ƙofar ƙarfe. In na je sai na ƙwanƙwasa na jira, ba na hango komai daga bakin hanya. Nakan tsaya nan ina kallon bangon, ina son ganin tukunyar Inna ko da sau ɗaya.